Tambaya da Amsa: Nakasar haihuwa a gumaka da kaburburan mutanen da

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan yaran da ake haifa da tawaya a halitta, da abin da sassaƙe-sassaƙe da ƙasusuwan mutanen da suka shuɗe ke nunawa a kai. Masu binciken kufai da likitocin ƙashi da ke taimaka wa filin nan ne suka amsa. An taƙaita wasu tambayoyin.

Assalamu alaikum. A unguwarmu ana cewa haihuwar yara masu nakasa abin zamani ne, wai magungunan asibiti da abincin gwangwani suka kawo shi. Akwai shaidar cewa mutanen da ma sun gani? Daga wani malamin firamare, Funtuwa.

Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma da yawa. Gaskiya ne wasu magunguna kan ɓata halittar ɗan tayi: talidomaid, wanda aka riƙa ba masu ciki daga 1957 zuwa 1961, ya sa an haifi yara fiye da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu. Amma abin ya girme wa kowane asibiti.

A gidan tarihi na Alƙahira akwai ɗan ƙaramin gunkin dutse na wani wada mai suna Seneb, wanda Hermann Junker ya tono a Giza a 1926. Shekarunsa sun haura 4,000. Seneb na zaune a harɗe kan dakali, matarsa mai cikakken tsayi ta dafa shi, kuma a inda ƙafafunsa za su sauko da masu tsawo ne, mai sassaƙar ya tsayar da 'ya'yansu biyu, mace da namiji, kowanne da yatsa a baki. Gangar jikinsa daidai take da ta kowa, hannuwa da ƙafafu ne gajeru, musamman daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Wannan ita ce siffar wadancin da likitoci ke kira akondurofilasiya. Yakan sami kusan jariri 1 cikin 25,000, kuma 8 cikin 10 na masu shi iyayensu masu tsayi ne, domin canjin yana aukuwa sabo a ƙwayar gado guda mai tafiyar da girman guringuntsi. Seneb babban ma'aikacin fada ne mai kula da tufafin sarki, ga garkunan shanu. Ba a sami gawarsa ba, sai dai kusa da kabarinsa an tono na wani wada, Perniankhu, inda aka sami gunki da kwarangwal tare, kuma suka gaskata juna. Irin wannan ce shaidar da ta fi ƙarfi.

A Iraƙi kuma rubutu ne. Cikin ɗakin karatun Sarki Ashurbanifal a Ninawa, kusa da Mosul ta yau, an sami jerin alluna 24 na yumɓu da ake kira Shumma Izbu, kwafin ƙarni na 7 kafin Miladiyya, ɗauke da kusan camfe-camfe 2,000 a kan haihuwar mutum da ta dabba: jariri marar kunne, mai cindo, mai kai biyu, da abin da kowanne ke nufi ga sarki da ƙasa. Littafin duba ne, har da mace ta haifi zaki a ciki, don haka ba a ƙirga yawan nakasa da shi. Duk da haka da yawa daga siffofin da ya lissafa ungozoma ta yau za ta gane su.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Mu a asibiti muna da uwa da za mu tambaya. Ku da ƙashi kaɗai ke gabanku, yaya kuke rabe abin da aka haifi mutum da shi da wanda ya same shi daga baya? Daga Maraɗi.

Malama, tambayarki ita ce dukan aikin, kuma yawancin kurakuran tun a bakin rami ake yin su. Kafin a ɗaga ko ƙashi ɗaya ana ɗaukar hoto da ma'auni a gefe, a zana yadda gawar ke kwance. Nauyin ƙasa kan matse ƙoƙon kan jariri har ya karkace, kuma idan ba a rubuta ta wane gefe yake kwance ba, wanda zai duba shi a ɗakin bincike zai ɗauka da karkacewar aka haife shi. Ƙasar da ke kewaye kuma ana tace ta da rariya mai ido milimita 2. Dalili shi ne kowace gaɓar ƙashin bayan jariri gida uku take, gindi ɗaya da fukafukai biyu da ba su riga sun haɗe ba, ƙanana ƙwarai. Wanda bai san haka ba zai ga baya a buɗe ya ce tsagewar ƙashin baya ce, alhali halitta ce ba ta gama rufewa ba.

Sai a fitar da shekaru ta hanya biyu, haƙora da tsawon dogayen ƙasusuwa. Haƙora ba su cika sauka daga lokacinsu ba ko da yaro na fama da ciwo. Ƙashin cinyar jaririn da ya cika wata tara yakan kai santimita 7 zuwa 8. Idan haƙora sun ce shekara 10, cinya ta ce 4, to akwai abin da ya tare girma, sai a nemi ko mene ne.

Daga nan a jera dama da hagu a gwada. A wadanci gaɓoɓin duka biyu gajeru ne daidai wa daida, masu kauri, bakinsu a baje, kuma ramin gindin ƙoƙon kai inda laka ke wucewa ƙarami ne. A ciwon laushin ƙashi na rashin sinadarin kalsiyam ko bitamin D, mai kawo gwame da ƙafar baka, ƙashin a lanƙwashe yake, bakinsa buhu-buhu, kuma bayan haihuwa yake samuwa. Shan inna yakan bar ƙafa ɗaya siririya, ƙashinta mai siffa daidai amma marar kauri, domin tsoka ba ta ja shi ba. Ita kuwa murɗaɗɗiyar ƙafa ta haihuwa, wadda ke samun jariri 1 cikin 1,000, a ƙasusuwan idon sawu da dunduniya ake kama ta: siffarsu kanta ta canza, sun juya ciki, kuma idan mutumin ya yi tafiya a kanta za a ga gefen waje na tafin ƙafar ne ya ɗauki nauyi. Shi ya sa har yau ake gardama a kan ƙafar hagu ta Fir'auna Siptah, da kuma allon dutsen wani mai gadin ƙofa, Roma, da ke Kopenhagen, inda aka zana shi da ƙafar dama a shanye yana dogara sanda. Galibin masana shan inna suke gani a na Roma.

A fuska, bakin ramin ake dubawa. Tsagewar leɓe da ganɗa ta haihuwa tana da wurinta, gefe kaɗan daga tsakiya, tsakanin haƙoran gaba da fiƙa, sau da yawa haƙori ɗaya ma bai fito ba, kuma bakinta sumul yake. Sara da ya warke yakan bar tudun sabon ƙashi. Karayar da ta auku cikin ƙasa bakinta da kaifi, launinta ya fi sauran ƙashin haske. Kuturta da ciwon noma, wanda saboda shi aka buɗe asibiti a Sakkwato a 1999, suna cin leɓe da hanci su bar ƙashi a zaizaye. Wannan ruɗani ne ke damun masu nazarin tukwanen mutanen Moche na Peru, daga shekara ta 100 zuwa 800, masu siffar fuskokin mutane: wasu tsagewar leɓe ce a fili, wasu ciwon da ƙudan rairayi ke yaɗawa ne, wasu kuma yanka ne na horo.

Hoton sikanin shi ke raba gardama idan gawa a naɗe take. A gidan tarihi na Maidstone a Ingila akwai wani ƙunshi daga Masar da aka daɗe ana rubuta shi a matsayin gawar shaho, saboda zanen da ke jikinsa. A 2016 da 2018 aka leƙa cikinsa da na'ura, sai ga ɗan tayi namiji na mako 23 zuwa 28, yatsunsa cikakku, amma saman ƙoƙon kansa bai halittu ba sam. Wannan tawaya tana faruwa ne idan bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka bai rufe ba cikin kwana 28 na farkon ciki, kafin mace da yawa su san suna ɗauke da shi. Shi ne dalilin ba mata folik asid, maikirogiram 400 a kullum, tun kafin su ɗauki ciki.

Abu biyu ke ɓata lissafi. Ana yawan samun ƙashin ƙugu na baya a ɗan buɗe, sai a rubuta tsagewar ƙashin baya, alhali mutum 1 ko 2 cikin 10 masu lafiya ƙalau haka nasu yake. A ɗaya gefen kuma, tawayar zuciya, wadda ta fi kowace yawa, kusan jariri 1 cikin 100, ba ta barin alama a ƙashi ko kaɗan.

Na ga wani hoto an zana Fir'auna Tutankhamun da karkatacciyar ƙafa da sanda, an ce auren 'yan'uwa ya jawo. Haka ne? Daga wani ɗalibi, Zariya.

Hoton daga binciken 2010 ya samo asali, wanda masanin kufai na Masar Zahi Hawass ya jagoranta. Sun ce ƙafarsa ta hagu a murɗe take, ƙasusuwa biyu na tsakiyarta sun fara mutuwa don rashin jini, akwai alamar zazzaɓin cizon sauro a jikinsa, kuma uwarsa da ubansa 'yan ɗaki ɗaya ne. A kabarin da Howard Carter ya buɗe a 1922 an sami sanduna 130.

Ɗan'uwa, riƙe wannan da hannu biyu amma kar ka rantse a kai. A 1925 ma'aikatan Carter sun yanyanka gawar gunduwa-gunduwa don su ɓamɓaro ta daga ƙaron da ya manne ta a akwati. Naɗin likkafani mai tsauri kan murɗa ƙafa bayan mutuwa. Sanda kuma alamar sarauta ce a Masar, masu lafiya ma suna riƙewa. A kabarin akwai gawar 'yan tayi biyu mata. Hoton ƙashi na shekarun 1970 ya ce babbar tana da tawaya a kafaɗa da ƙashin baya, amma da aka sake dubawa da sikanin a 2011 sai aka ga lalacewa ce ta bayan mutuwa.

Na Fir'auna Akhenaten ya fi wannan koyar da hankali. Gumakansa na da dogon kai, doguwar haɓa, faffaɗan ƙugu da tumbi, kuma likitoci sun laƙaba masa cututtuka iri-iri, har da wadda ke hana haihuwa, shi da ya haifi 'ya'ya mata shida. Matarsa da 'ya'yansa da fadawansa duk haka aka sassaƙa su a zamaninsa, bayan mutuwarsa kuma salon ya gushe. Kwarangwal ɗin da masana da dama ke ɗauka nasa ne bai nuna waɗannan siffofi ba. Idan fada gaba ɗaya ta fito da kama ɗaya a bango, umarnin sarki ga masu sassaƙa ake gani.

Ɗana na da lalurar Down. An taɓa samun irinsu a da can? Daga wata uwa, Kumasi.

Allah ya raya shi, Hajiya. An samu. A da sai dai a yi hasashe daga fuskokin gumaka, kamar na mutanen Olmek a Meziko, ko daga siffar ƙoƙon kai, kuma duka biyun ba su isa hujja ba. Yanzu gwajin DNA ake yi. Ana huda wani ƙashi mai tauri da ke bayan kunne, a ɗebi garinsa kamar miligiram 50 a ɗaki mai tsabta sosai, a karanta gutsattsarin ƙwayoyin gadon da suka rage, a ƙirga nawa suka faɗa kan kowane kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado. Mai lalurar Down yana da kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu, don haka kasonsa yakan fito ninki ɗaya da rabi.

Da haka aka gano wani jariri namiji a kushewar dutse ta Poulnabrone a Ayalan, mai shekara kusan 5,500, aka bayyana a 2020. Sinadaran ƙashinsa sun nuna an shayar da shi nono. A 2024 aka tace bayanan mutanen da kusan 10,000, aka sami shida masu lalurar, daga Sifen, Bulgeriya, Girka da Finlan. Duka sun rasu suna jarirai, galibi ana jin saboda ciwon zuciya da na huhu da ke tafe da lalurar, waɗanda yau ake magance su. Na Sifen a cikin gidaje aka binne su, a al'ummar da ke ƙona gawar manyanta, ɗaya ma da zobban tagulla da kwanson teku.

Dogayen kawunan da ake yaɗawa a Facebook ana cewa ba na bil'adama ba ne fa? Daga Kano.

Na mutane ne. Kan jariri faifai ne daban-daban da ke haɗe kamar ɗinkin ƙwarya, ga maɗiga a sama, kuma idan aka naɗe shi da zane ko aka matse da katako a shekarar farko ko ta biyu, sai ya girma ta inda aka bar masa. Mutanen Parakas a Peru sun yi, Mangbetu na Kwango suna yi har tsakiyar ƙarni na 20. Ana gane naɗi da cewa dama da hagu daidai suke, akwai kwarin da zanen ya bi, ɗinkin kan a buɗe yake, kuma kawuna da yawa a maƙabarta guda haka suke.

Tawayar haihuwa daban take: ɗinki ɗaya ne ke rufewa tun da wuri ya bar tudu, kan ya karkata. Tana samun jariri 1 cikin kusan 2,000 zuwa 2,500. A kogon Atapuerka na Sifen an sami kan wani yaro mai ita, na shekara kusan 430,000, wanda ya rayu aƙalla shekara 5. Ƙaramin kwarangwal na hamadar Atakama mai santimita 15 da aka yi ta yayatawa tun 2003, gwajin 2018 ya nuna 'yar tayi ce ta mutanen yankin.

An koya mana cewa mutanen Sparta jefar da irin waɗannan jarirai suke yi a rami. Ko'ina haka ake yi a da? Daga wata malamar tarihi, Yamai.

Labarin daga Plutak, marubucin Girka, ya fito, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 100 Miladiyya, ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da yake magana a kai. Da aka bincika ƙasusuwan ramin Dutsen Taigetos da ake dangantawa da labarin, na samari da manya aka samu, babu na jariri. Wannan bai wanke mutanen da ba: dokar Rum ta wajen 450 kafin Miladiyya ta halatta kashe jaririn da aka haifa da mummunar tawaya, Aristotal ma ya goyi bayan haka.

Sai dai ƙasa ta nuna wani ɓangaren. A wata rijiya a kasuwar Atina ta da an sami ƙasusuwan jarirai fiye da 400 na ƙarni na 2 kafin Miladiyya, cikinsu akwai mai ruwa a kai da aka rena har wata 6 ko fiye. Likitocin Girka na zamanin Hipokiratis sun rubuta yadda ake miƙar da murɗaɗɗiyar ƙafa da hannu a hankali a ɗaure, tun jariri na ɗanye, wanda shi ne tushen abin da ake yi yau da filasta ana canzawa mako-mako. A Sin, wajen shekara ta 390, an ɗinke wa wani saurayi Wei Yongzhi tsagaggen leɓe, aka hana shi magana da dariya kwana 100, kunu kaɗai yake sha. Daga baya ya zama gwamna.

Kyakkyawan kabari kaɗai ba ya nuna yadda aka riƙi mutum yana raye. Hujjar da ta fi shi ita ce irin ta Man Bak a Biyetnam, shekara kusan 4,000: saurayi da aka haifa gaɓoɓin wuyansa a manne, jikinsa ya shanye tun yana yaro, ƙasusuwan ƙafafunsa suka sirance, amma ya ƙara kusan shekara 10 a duniya. Ke da kanki kin san abin da hakan ke buƙata kullum: abinci a baki, ruwa, wanki, da juya shi kar gyambon kwanciya ya kashe shi.

A nan ƙasarmu fa? Kuma idan manomi ya tono gunki ko ƙashi, me zai yi? Daga wani manomi, Kagarko.

Gumakan yumɓu na Nok, da aka fara ƙerawa wajen 900 kafin Miladiyya, akwai waɗanda ake fassarawa da tundurmi ko shanyewar gefen fuska, kuma waɗannan ciwo ne na bayan haihuwa. Ba a iya gwada su da ƙashi domin ƙasar yankin mai tsami ce, tana narkar da shi. Masu bincike na Jami'ar Frankfurt da suka fara aiki a can a 2005 sun sami wurare masu kama da kaburbura, da tukwane da duwatsun wuya, babu ƙashi. Daga fadar Benin akwai gumakan tagulla biyu na wadannin fada, yanzu suna Biyana, an ƙera su da lura har likita na iya karanta siffar wadancin. Inda ƙashi ke daɗewa shi ne busasshiyar ƙasa irin Gobero a hamadar Tenere ta Nijar, mai kaburbura kusan 200, sai dai zafi na lalata DNA.

Malam, idan garma ta ci karo da abu, a dakata. Kar a ciro, kar a wanke, kar a liƙa da gam, kar a taɓa ƙashi da hannu tsirara, domin gumin mai rai na gurɓata gwaji. A ɗauki hoto da rula ko biro a gefe, daga sama da kuma daga gefe, a mayar da ƙasar wurin a rufe a hankali, a sa alama. A sanar da dagaci, da 'yan sanda idan ƙashin mutum ne, sannan ofishin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa mafi kusa, kamar na Kaduna ko Jos. Dokar 1979 ta hana saye da sayar da kayan tarihi ko fitar da su waje ba da izinin hukumar ba. Abin da ya riga ya fito daga ƙasa a bar shi ya sha iska a inuwa, a sa a jakar takarda a rubuta wuri da rana; leda na riƙe danshi, ƙashi ya yi fumfuna ya ruɓe.